Don Me Aka Rubuta K In Ba a Faɗinta? Shawarwari Ga Gidajen da Yara Ke Koyon Turanci

Wani dare bayan sallar isha'i na shiga gidan ƙanwata a Ƙauran Namoda, na tarar da ɗanta ɗan aji huɗu ya baje littafi a kan tabarma, fitilar caji na gefe, yana fama da kalma guda. An zana wuƙa, an rubuta *knife* a ƙarƙashinta. Ya ɗora yatsa ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba a Hausa, ya ce "kinife". Yayarsa da ke sakandare ta tuntsire da dariya, ta ce ai "naif" ake cewa. Yaron ya ɗago kai, idanunsa sun ciko, ya ce: "Kawu, to don mi anka rubuta *k* in ba a hwaɗinta?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Yaron ƙa'ida ya bi, rubutun Turancin ne ya saɓa mata. Turanci na da haruffa 26, amma sautukan da ke bakin mai magana da shi sun kai 44. Wasulan da ake rubutawa biyar ne, waɗanda ake furtawa kuwa wajen ashirin. Riga ce da ta yi wa mai ita kaɗan, dole ta ɓarke ta nan, ta ɓarke ta can.

A yankinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kusan kowane kwas a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura tun 1983 yana neman kiredit a Turanci, haka jami'o'i, kuma duk mai zana jarrabawar JAMB dole ya amsa Turanci. Ga kuma halin da muke ciki. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun jihar Zamfara baki ɗaya saboda rashin tsaro, kuma har yau akwai iyalan da suka baro ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka dawo cikin gari, yaransu sun yi zango ɗaya ko biyu ba su ga allon aji ba. Abin da aji ya rasa, tsakar gida ce za ta cike shi, kuma yawancin shawarwarin nan ba sai uwa ko uba sun iya Turanci ba.

1. Ku gaya wa yaro gaskiya: rubutun ne ya tsufa, ba kansa ne ya toshe ba.

Amsar tambayar ɗan ƙanwata ita ce, a da ana faɗin *k* ɗin. Turawan Ingila na shekaru ɗari shida da suka wuce suna furta ta a *knife* da *knee* da *know*, kuma *gh* ɗin da ke cikin *night* da *light* sauti ne na gaske da ake fitarwa daga can cikin baki. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a takarda. Baki kuwa bai tsaya ba. Tsakanin 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya kusan gaba ɗaya, wasu baƙaƙen suka faɗi daga baki, amma suka ci gaba da zama a littafi. Tun kafin nan, a 1066, Normawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi, suka shigo da dubban kalmominsu da salon rubutunsu. Daga baya wasu malamai masu ƙaunar Latin suka cusa *b* a cikin *debt* da *doubt* don a tuna asalinsu, suka cusa *s* a cikin *island* bisa kuskure, kuma ba a taɓa furta su ba. Shi ya sa *ch* ke da fuska uku: "c" a *church*, "sh" a *machine* da ta fito daga Faransanci, "k" a *chemist* mai asali da Girkanci.

Bokon Hausa yaro ne a kan wannan. Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka shigo a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. An ɗinka shi ne daidai bakin masu magana da ke raye, shi ya sa yake karantuwa cikin sauƙi.

Yaro ba ya buƙatar waɗannan shekaru duka. Abin da yake buƙata shi ne ya ji daga bakin babansa cewa ba daƙiƙi ba ne. Yaron da aka yi wa tsawa ko dariya a kan *knife* zai daina karatu da ƙarfi, wanda ya daina karatu da ƙarfi kuwa ba wanda zai ƙara jin kuskurensa, balle ya gyara masa. A hana yayye dariya, a ajiye bulala.

2. Ya iya karanta Hausa tukuna.

Iyaye da yawa na ganin karatun Hausa ɓata lokaci ne, tunda ba da ita ake cin jarrabawa ba. Ina da ja a kan wannan. Haɗa baƙi da wasali, da bin layi daga hagu zuwa dama, da gane cewa tabon tawada yana ɗauke da sauti, sau ɗaya ake koyon su a rayuwa, kuma sun fi saurin shiga a harshen da yaro ke mafarki da shi. An gwada wannan a Ile-Ife daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Ɗan Zamfara ma yana da wata riba da bai san da ita ba. A gida yana cewa "tahi" da "hwari" da "munka zo", a littafi yana rubuta "tafi" da "fari" da "muka zo". Ya kuma san *gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya, jimla ce ke raba su. Wato tun kafin ya haɗu da Turanci ya saba da cewa baki da alƙalami ba kullum suke tafiya tare ba. Ku nuna masa wannan, ku ce Turanci ma haka ne, sai dai nasa ratar ta fi faɗi.

3. Ku jawo makarantar allo ta taimaka.

Duk yaron da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san harafin da ake rubutawa ba a karantawa. Ya san lam ɗin da ke cikin *ash-shamsu* yana nan a allo amma harshe na tsallake shi, ya san alifin da ke bayan wawun jam'i ba a furta shi. Da wannan na amsa wa ɗan ƙanwata a daren nan. Na ce *k* ɗin *knife* kamar wannan alifin take, a rubuta ta, a wuce ta. Ya yi shiru kaɗan, ya ɗauki fensir ya sa ɗan ɗigo a ƙarƙashin *k*, ya juya shafi yana neman wasu. Kafin in tashi ya samo *write* da *hour* da *listen* da kansa.

Wannan ɗigon dabara ce mai kyau, ku bar shi ya riƙa yi da fensir a littafinsa. Kuma kada wani ya ce muku hadda ta fi ƙarfin yaranmu. Wanda ya iya riƙe izu guda a ka ba zai kasa riƙe kalma hamsin ba.

4. Ku raba sunan harafi da sautinsa, ku raba Hausa da Turanci.

Nan ne ruɗani ya fi yawa a ƙananan azuzuwa. Harafin da Bature ke kira "e" shi ne *a* namu, wanda yake kira "i" shi ne *e* namu, wanda yake kira "ai" shi ne *i* namu. Malami ya ce a rubuta "i", rabin aji su rubuta *e*, rabi su rubuta *i*, kowa kuma da hujjarsa. Sannan ga *c*. A Hausa ita ce ta "ci" da "ciki", don haka yaro ya ga *cat* ya ce "cat" irin namu. A Turanci *c* "k" ce a *cat* da *cot* da *cup*, amma in *e* ko *i* ko *y* suka biyo ta sai ta koma "s", kamar a *cement* da *city* da *cycle*. Wannan ƙa'ida tana da ƙarfi, ta cancanci haddacewa.

A gida ku ware littafin rubutu biyu, ko fuska biyu ta allo. Kafin a fara, a faɗa da baki: yanzu Hausa muke, yanzu Turanci muke.

5. Ku koyar da kalmomi dangi-dangi.

Duk da abin da na faɗa, rubutun Turanci ba daji ba ne da ba hanya. Yawancin kalmominsa suna da 'yan uwa. Wanda ya san *night* ya sami *light* da *right* da *fight* da *sight* a kyauta. Wanda ya san *ball* ya sami *call* da *fall* da *tall* da *wall*. *Lamb* da *comb* da *thumb* da *climb* gida ɗaya suka fito, *b* ɗinsu duka bebiya ce, haka ta *plumber*, wadda manya da yawa ke furtawa. Akwai kuma *e* ta ƙarshe, wadda ba ta magana amma tana sa wasalin da ke gabanta ya faɗi sunansa: *hat* ta zama *hate*, *bit* ta zama *bite*, *hop* ta zama *hope*, *cut* ta zama *cute*. Sai 'yan kaɗan da suka bijire, irin su *have* da *give* da *come* da *love*.

Dangi ɗaya a mako ya isa. A rubuta su da alli a bayan ƙofa ko jikin bango inda ake cin tuwo, manya-manya, yadda ido zai riƙa faɗawa kansu safe da yamma. Ranar Juma'a a goge, yaro ya maido su da ka.

Amma akwai gidan da ba a jituwa, gidan *ough*. Haruffa huɗu ne, iri ɗaya, amma *though* ta ƙare da "o", *through* da "u", *tough* da "af", *cough* da "of", *plough* da "au", *bought* kuma ta kama nata hanyar. Kada ku wahalar da yaro da neman dalili a nan. Ɗaya-ɗaya ake haddace su, kowace a cikin jimlarta.

6. Ku gyara sautukan da Hausa ba ta da su, da madubi da haƙuri.

Haruffan *p* da *v* ba sa cikin bokon Hausa, kuma *f* ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, a nan Zamfara ma tana komawa "hw" ko "h". Shi ya sa *pan* da *fan*, *pull* da *full*, *past* da *fast* ke cakuɗe mana, haka *van* da *ban*, *vote* da *boat*. Abin ba a baki kaɗai yake tsayawa ba, abin da kunne bai raba ba hannu ma ba zai raba shi a takarda ba. A jarrabawar WAEC akwai takarda guda sukutum a kan sautuka, kuma irin waɗannan tagwayen ake jerowa.

Ku ba yaro madubi, ko kyamarar waya. A *p* leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan su fashe. A *f* haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita a hankali. *V* kamar *f* take, sai dai in ya dafa maƙogwaronsa zai ji yana rawa. Shi kuwa *th*, wanda muke mayarwa "s" ko "z" har *think* ta koma *sink*, malamin tajwidi ya riga ya koyar da shi. Na cikin *think* shi ne harafin nan mai ɗigo uku da ke cikin sunan Usman a Larabce, na cikin *this* kuma shi ne na farkon kalmar zikiri. Kan harshe tsakanin haƙora, kamar yadda ake yi a Islamiyya.

Sai baƙaƙe masu cunkoso. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 kakanninmu ke karɓar kalmomin Bature suna yi musu kwaskwarima: direba, tebur, burodi, buroshi, sukurdireba. Sun saka wasula a tsakani domin haka gaɓar Hausa take so, kuma waɗannan kalmomi yanzu Hausa ce tsantsa, ba abin gyarawa a cikinsu. Amma a darasin Turanci yaro ya san cewa *bread* gaɓa ɗaya ce, *school* ma ɗaya, ba "sukul" ba. Ku sa shi ya tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa.

Ba cewa nake ɗanmu ya koma magana ta hanci kamar ɗan Landan ba. A fahimce shi, ya kuma ci jarrabawarsa, wannan ya wadatar.

7. Ya ji kalma kafin ya amince da ganinta.

Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a Turanci ido kaɗai yana yaudara. Tsofaffin sojojinmu da kunne suka ɗauko kanar da laftanar da saje, kuma sun fi kusa da furucin Bature fiye da ɗan makarantar da ya ga *colonel* da *lieutenant* da *sergeant* a takarda ya bi haruffa. Samarin gidan kallon ƙwallo ma shaida ne. Tun da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016 ba yaron da ke kiran garin da wani suna in ba "Lesta" ba, domin daga bakin mai sharhi suka ji. Haka *Wednesday* take "wenzde", *women* "wimin", *busy* "bizi". Wasu ma rubutu ɗaya ne furuci biyu: *read* ta yau "rid", ta jiya "red".

In akwai babbar waya a gidan, a sauke ƙamus mai furta kalma wanda ke aiki ba tare da intanet ba, a ranar da aka sami sabis mai kyau, tunda na yankinmu ba shi da tabbas. In babu, rediyo ta isa. Minti goma na labaran Turanci kowace rana, yaro ya kamo kalma uku da ya ji, gobe ya tambayi malaminsa yadda ake rubuta su.

8. Shifta, sau biyu a mako.

Tsohuwar hanya ce, kuma ban ga wadda ta maye gurbinta ba. Yaya ko maƙwabci mai sakandare ya karanta jimla biyar, ƙane ya rubuta, sannan ya buɗe littafi ya gyara da hannunsa. Jimla nake nufi, ba kalma tsirara ba, saboda *son* da *sun*, *week* da *weak*, *meat* da *meet*, *their* da *there*, *write* da *right* duk furucinsu ɗaya, ma'ana ce kawai ke nuna wadda ake so. 'Yan mata su zauna a wannan tabarma daidai da maza, a ɗage musu wanke-wanke na rabin awa.

Ga manyan yara akwai abu biyu. Na farko rubutun waya: *u* da *ur* da *gud* da *pls*. Hannu na sabawa da su, ranar jarrabawa su sulale cikin insha'i, alhali masu makin WAEC rabin maki suke cirewa a kan kowane kuskuren rubutu, daga makin da aka ware wa wannan ɓangare. Na biyu bambancin Ingila da Amurka. Noah Webster ya fitar da ƙamusinsa a Amurka a 1828, ya tabbatar da *color* da *center* a madadin *colour* da *centre*. Makarantunmu na Ingila suke bi, wayoyi da yawa kuma na Amurka suke gyarawa. A shiga saitin waya a mayar da ita Turancin Ingila, kuma kada a gauraya biyun a takarda ɗaya.

9. Inda kuɗi ko magani suka shiga, a koma Hausa ko lamba.

*Thirteen* da *thirty*, *fifteen* da *fifty*, a cikin hayaniyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ko a gaban mai POS, kunne ba ya raba su da kyau. A faɗa da Hausa, ko a rubuta lamba a nuna. A kwalbar maganin yara kuma *teaspoon* mililita 5 ne, *tablespoon* mililita 15, ninki uku ke nan, ga shi kalmomin sun yi kama a ido. Kada uwa ta bar kemis ko asibiti sai an gaya mata da Hausa, an kuma zana mata a jikin kwalin sau nawa a rana.

10. Ku tsayar da rubutun sunan yaro tun yana ƙarami.

Wannan ita ce ta fi ci mini rai, domin na ga ta jawo hawaye. Bature da ya zo ƙasarmu da kunnensa ya rubuta sunayenmu: Sakkwato ta zama Sokoto, Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Ƙaura ta rasa lanƙwasarta. Sunayen mutane ma haka. Suna ɗaya ne aka raɗa ranar bakwai, amma ga Muhammad, ga Mohammed, ga Muhammadu. Ga A'isha, ga Aisha, ga Aishat. Ga Usman, ga Uthman. Mu a wurinmu duk ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum uku take gani.

Wata 'yar maƙwabcinmu ta ci jarrabawarta da kyau, amma sunan mahaifinta a takardar firamare dabam, a ta sakandare dabam, a katin ɗan ƙasa dabam, domin kowane magatakarda yadda ya ga dama ya rubuta, ba wanda ya tambaya. Sai da uban ya yi ta zirga-zirga zuwa Gusau a kan wannan hanya da kowa ya san halinta, da takardar rantsuwa ta kotu, da kuɗin mota da ba shi da su, kafin a daidaita. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka duk abin da ke jikin wannan lamba shi zai bi yaro har jami'a, har banki.

Ku zaɓi rubutu ɗaya na sunan yaro da na uba da na kaka, da jerin da za su bi. A rubuta a kati da manyan haruffa, a ajiye tare da takardar haihuwa. Duk inda za a yi rajista a miƙa katin, kada a faɗa da baki, kuma a karanta abin da aka buga kafin a bar wurin. Iyaye, don Allah yau da dare ku fito da takardun 'ya'yanku ku jera su a kan tabarma, ku kira wanda ya iya karatu a gidan, a bi su harafi bayan harafi tun kafin lokacin rajista ya zo.